GRACE OYELUDE: 'YAR SABON GARIN KANO DA TA FARA CIN SARAUTAR KYAU A NIJERIYA

A cikin shekarar 1957, saura shekara uku Nijeriya ta sami mulkin kai, jaridar Daily Times ta Ikko ta fito da wata sanarwa wadda ba a saba ganin irinta ba a ƙasar nan. Jaridar ta nemi 'yan mata daga ko'ina cikin ƙasa su aiko da hotunansu, domin a zaɓi guda ɗaya daga cikinsu a naɗa ta Sarauniyar Kyau ta Nijeriya, watau Miss Nigeria. Duk wanda ya dubi yadda ƙasar take a wannan zamani zai zaci cewa wata 'yar Ikko ko 'yar Badun ce za ta ɗauke kambin, tun da yake a can ne boko ya fi daɗewa, a can ne kuma jaridar ta fi yawan masu karatu. Amma da aka tashi naɗi, sai sarautar ta faɗa kan wata ma'aikaciyar kamfani daga Kano, mai suna Grace Atinuke Oyelude.

Sunanta ya shiga tarihi saboda wannan dare guda. Amma a asibitocin Kaduna da Makurɗi da Zariya, inda ta yi shekaru fiye da ashirin tana aiki, da wata sura dabam aka san ta, watau ta sista mai fararen kaya wadda daga bisani ta shugabanci dukan nas-nas na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Yadda aka yi ta tashi daga wancan matsayi zuwa wannan shi ne abin da ya cancanci a tsaya a duba.

HAIHUWARTA DA TASOWARTA

An haifi Grace Oyelude a Sabon Garin Kano ran 16 ga watan Nuwamba, 1931. Iyayenta mutanen Isanlu ne, a ƙasar Yagba ta Lardin Kabba. Ko da yake Yarabanci ne harshen mutanen ƙasar Yagba, a ƙarƙashin Jihar Arewa suke tun zamanin Turawa, har zuwa 1967 da aka sa su cikin Jihar Kwara, sa'an nan a 1991 aka mai da su Jihar Kogi. Saboda haka ta kowace fuska 'yar Arewa ce, ta wajen asali da ta wajen haihuwa.

Sabon Garin da ta taso a ciki an kafa shi ne a wajajen 1913, jim kaɗan bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Turawa suka keɓe wurin a bayan ganuwa domin baƙin da jirgi ya kawo: akawuna, da ma'aikatan reluwe, da masu awon gyaɗa, da teloli, da malaman makarantun mishan. A nan ne Bayarabe da Inyamuri da Banufe da mutumin Saliyo da na Gwalkwas suke zaune ƙofa da ƙofa, Hausa kuwa ita ce harshen ciniki da na gaisuwa a tsakaninsu. A makarantun Kano ta yi dukan karatunta na firamare da na gaba da shi, daga 1940 zuwa 1952.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a wannan lokaci yarinyar da ta yi shekara goma sha biyu a makaranta a Arewa abin nuni ce da yatsa. Makarantun 'yan mata ba su da yawa, waɗanda ke akwai ɗin ma ba safai iyaye suke barin 'ya'yansu su kai ƙarshe ba kafin a aurar da su. Matan Arewa ba su da ko ikon jefa ƙuri'a, sai a 1976 suka samu, bayan doguwar gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba. Da Grace ta gama makaranta sai ta sami aiki a kamfanin UAC, wanda a lokacin shi ne uban kamfanonin ciniki a Afirka ta Yamma, shi ke sayen gyaɗa da fata da ƙiraga, shi ke kuma kawo atamfa da gishiri da kekuna.

YADDA GASAR TA GUDANA

Gasar sarauniyar kyau ta duniya sabon abu ce a lokacin. A 1951 aka fara ta duniya a birnin Landan, a 1952 Amurkawa suka fara tasu ta duniya. A Afirka ta Yamma kuwa guguwar neman mulkin kai ce ta zo da ita. A shekarar 1957 ɗin nan ce Gana ta sami 'yanci, ta kuma naɗa tata sarauniyar, Monica Amekoafia. A shekarar ce Jihar Yamma da Jihar Gabas suka sami mulkin kansu, aka kuma naɗa Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa Firayim Minista. Kowace ƙasa tana neman abin da za ta nuna ta ce nata ne, daga tuta har zuwa ƙungiyar ƙwallo. Ita ma Daily Times, wadda aka kafa a 1926, wadda kuma kamfanin jaridar Daily Mirror na Ingila ya saya a 1947, tana neman hanyar ƙara kasuwa, ta kuwa san cewa hoto yana sayar da jarida.

Ba Grace ce ta kai kanta ba. Wani ɗan'uwanta ne ya ga sanarwar ya sa aka aika da hotonta. Tsarin gasar shi ne, a fara tace hotunan da aka aiko, sa'an nan a kira waɗanda suka tsallake su zo Ikko a gan su ido da ido. Da haka ta bar Kano ta nufi Ikko, a matsayin wakiliyar Jihar Arewa, tana da wajen shekara 25 da haihuwa.

An yi zaman ƙarshe a Island Club, kulob ɗin manyan 'yan boko da 'yan kasuwa na Ikko wanda aka kafa a 1943. Abin lura a nan shi ne, gasar ta wannan shekara ba ta ƙunshi fitowa da kayan wanka ba, irin wanda daga baya ya zama babban abin da ake sukar irin waɗannan gasanni da shi. Da alƙalai suka gama shawara, sai suka ba Grace Oyelude sarautar. Kyautar da ta biyo baya ita ce fam 200, da riguna, da tafiya Ingila.

Fam 200 ba ƙaramin kuɗi ba ne a 1957. Sule ashirin ke cikin fam guda, watau ta tashi da sule 4,000 ke nan, a zamanin da lebura yake wuni yana aiki a sallame shi da 'yan sulalla. Kuɗin ya isa a yi kayan ɗaki na kece raini, ko a kafa kantin atamfa a kasuwar Sabon Gari. Ga kuma suna, ga hotonta ya zaga ƙasa. Hausawa na cewa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Amma ita sai ta karkatar da kuɗin da tafiyar zuwa ga neman ilmi, ba a yi watanni da yawa ba ta sami gurbi a makarantar koyon jinya da ke Ashford, a yankin Kent na ƙasar Ingila.

SHEKARUN INGILA

Wanda bai san yadda ake horon nas a Ingila a wancan zamani ba, ba zai gane girman wannan zaɓi ba. Tun da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa a can a 1948, asibitocinsu suke fama da ƙarancin ma'aikata, saboda haka suka buɗe ƙofa ga 'yan mata daga Ailan da tsibiran Karebiyan da Afirka ta Yamma. Horon shekara uku ne cur. Ɗaliba tana kwana a gidan nas-nas ƙarƙashin doka mai tsanani, ana ba ta ɗan alawus, kuma mafi yawan karatun a kan ƙafa ake yin sa a ɗakunan majinyata. 'Yar shekarar farko ita ke gyaran gado, da wanke majinyaci, da kwashe fo, da aikin dare a tsakiyar hunturu. Babu wanda zai tambaye ta ko ta taɓa ɗaura kambi a ƙasarsu. Sai ta ci jarrabawar hukumar nas-nas ta ƙasa kafin a rubuta sunanta a rajista.

Grace ta ci wannan jarrabawa a 1961, ta zama nas mai rajista. Ba ta tsaya nan ba, sai ta shiga makarantar ungozoma ta asibitin St Thomas da ke bakin kogin Thames a Landan, ta fito da takardar shaidar ungozoma a 1962. Wannan asibiti yana da babban matsayi a tarihin aikin jinya, domin a cikinsa ne Florence Nightingale ta kafa makarantarta a 1860, wadda daga gare ta tsarin horon nas na zamani ya bazu cikin duniya. A nan ne kuma wata 'yar Nijeriya, Kofoworola Abeni Pratt, ta yi nata horon tun kafin 1950, ta komo gida daga baya ta zama shugabar nas-nas ta ƙasa baki ɗaya. Bayan karatu Grace ta yi aiki a babban asibitin Paddington na Landan, inda ta ƙara gogewa.

A wannan gaɓa hanya biyu ce a gabanta. Da yawa daga cikin waɗanda suka je Ingila koyon jinya sun zauna can, domin aiki yana nan, albashi kuma ya fi na gida. Ita kuwa sai ta komo, kuma Arewa ta nufa.

KOMOWA GIDA

Arewar da ta tarar tana cikin matsananciyar bukatar irinta. Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, tana ta ƙoƙarin cike guraben da Turawa suke bari da 'yan asalin jihar, amma a fannin lafiya masu takarda 'yan ƙalilan ne. Matsalar kuwa ta fi tsanani a wajen mata. A garuruwa da ƙauyuka da yawa magidanci ba ya yarda namiji ya duba iyalinsa, ita ma matar kunya ba ta barinta. Saboda haka mace sai ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a ɗaka, ba za a kai ta asibiti ba sai abu ya ɓaci. Daga nan ake samun mutuwar uwa, ko ta jariri, ko ciwon yoyon fitsari wanda ke raba yarinya da mijinta da danginta. Ungozoma mace mai cikakken horo, wadda kuma ta tashi a Kano ta san halin mutanen ƙasar, ba abin da za a kwatanta da kuɗi ba ne.

Ta fara aiki a Babban Asibitin Kaduna daga 1964 zuwa 1965. Daga nan aka mai da ita asibitin da ake kira Nursing Home, a matsayin babbar sista mai kula da wurin. Wannan asibiti tun asali an gina shi ne domin Turawa da manyan ma'aikatan gwamnati. Shi ne daga baya aka sa wa sunan Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, ya kuma zama asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna.

Sai ga Yaƙin Basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967. Aka tura ta Babban Asibitin Makurɗi, ta jagoranci ayarin ma'aikatan lafiya daga Arewa waɗanda aka ɗora wa nauyin shirya asibitoci domin karɓar waɗanda suka ji rauni a fagen fama. Makurɗi tana bakin kogin Binuwai, gadarta kuwa ita ce mashigar jirgin ƙasa da motoci daga Arewa zuwa Gabas, don haka ta nan sojoji suke wucewa, ta nan kuma ake komowa da masu rauni. Shirya asibitin farar hula domin yaƙi aiki ne mai wuya. Dole a ƙara gadaje, a tanadi bandeji da magani da jini, a tsara ɗakin fiɗa yadda zai yi aiki dare da rana, a kuma koya wa ma'aikatan da suka saba da zazzaɓi da haihuwa yadda za su fuskanci raunin harsashi da na bam. Shekara goma ke nan daidai tsakanin daren Island Club da wannan aiki.

SHUGABANCIN NAS-NAS A ZARIYA

Bayan da yaƙi ya ƙare a watan Janairu na 1970, sai ta koma Cibiyar Lafiya ta Jami'ar Ahmadu Bello. An kafa jami'ar a 1962, aka buɗe sashen koyon likita a 1967, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, wanda shi kansa likitan yara ne. Tun da yake jami'ar ba ta da asibitin kanta a lokacin, sai aka danƙa wa cibiyar asibitocin gwamnati na Zariya da Kaduna da Malumfashi domin su zama wuraren koyarwa. Ta shiga a matsayin babbar shugabar nas-nas, har ta kai muƙamin darektar ayyukan jinya ta asibitin koyarwar.

Majinyaci ba ya ganin mai wannan muƙami a bakin gadonsa, amma kome ya same shi ya bi ta hannunta. Ita ke raba ma'aikata tsakanin ɗakuna, ita ke tsara masu aikin safe da na dare, ita ke lura da tsabta da ladabi, ita ke kuma tsaya wa nas-nas a gaban likitoci da hukuma. Likita yakan zo ya duba ya rubuta magani ya wuce, nas ce ke kwana da majinyaci. In tsarin jinya ya lalace, to, ƙwarewar likita ba ta hana asara. Yin wannan aiki a asibitoci uku da ke garuruwa dabam-dabam, a shekarun da ake yaye likitocin farko na jami'ar, nauyi ne babba.

Domin ta iya ɗaukarsa sai ta sake komawa aji har sau biyu. A 1971 ta sami difloma a fannin tafiyar da aikin jinya da asibiti daga kwalejin nas-nas ta Ingila, a 1976 kuma ta yi kwas a cibiyar koyon mulki da gudanarwa ta ƙasar Gana. Har ila yau ta zama mai jarrabawa ta waje a hukumar nas-nas da ungozoma ta Nijeriya, watau tana cikin masu tantance wanda ya cancanci a ba shi lasisin taɓa majinyaci. A Jamhuriya ta Biyu, zamanin Gwamna Adamu Atta, ta shugabanci hukumar kula da asibitoci ta Jihar Kwara daga 1980 zuwa 1983. Ta yi ritaya don kanta a 1985. Mutanenta sun karrama ta da sarautar Iyaolu ta Isanlu, da kuma ta Iyalode ta ƙasar Okun, wadda a al'adar Yarabawa sarauta ce ta shugabar mata.

ABIN DA YA BIYO BAYAN SARAUTARTA

Gasar da ta buɗe ta ci gaba shekara da shekaru. Helen Anyamaeluna ce ta gaje ta a 1958. A 1959 Nene Etule ta ci, 'yar Kudancin Kamaru, yankin da a lokacin yake haɗe da Nijeriya kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Rosemary Anieze ta ci a shekarar mulkin kai. A 1990 sarautar ta sake komowa Arewa ta hannun Binta Sukai, 'yar Jihar Kaduna. A cikin shekarun 1980 kamfanin Silverbird ya kafa wata gasar ta dabam, wadda ta fito da Bianca Onoh a 1988, wadda ta auri Odumegwu Ojukwu, ta yi jakadanci a ƙasar Sifen, aka kuma naɗa ta ƙaramar ministar harkokin waje a 2024. Daga wannan gasa ce Agbani Darego ta fito ta ci sarautar kyau ta duniya a Afirka ta Kudu a 2001.

Sai dai a Arewa al'amarin bai taɓa kwanta wa jama'a ba. Malamai da iyaye da yawa, Musulmi da Kirista, suna ganin jera 'yan mata a gaban alƙalai ana auna surarsu ya saɓa wa addini da kunya. Wannan saɓani ya kai matuƙa a watan Nuwamba na 2002, cikin azumin Ramadan, lokacin da aka shirya yin gasar duniya a Abuja. Wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga wanda ya taɓa martabar Manzon Allah (SAW) ya haddasa tarzoma a Kaduna, aka rasa rayuka fiye da 200, aka kwashe gasar aka kai ta Landan. A watan Disamba na 2021 kuma muhawarar ta sake tasowa, sa'ad da Shatu Garko, 'yar shekara 18 daga Jihar Kano, ta ci sarautar Miss Nigeria da lulluɓinta a ka. Wasu suka yi murna, Hukumar Hisba ta Kano kuwa ta fito ta nuna rashin amincewarta. Shekara 64 ke nan tsakanin 'yan Kanon nan biyu.

Masu goyon bayan gasar sukan kafa hujja da Grace Oyelude, su ce ga abin da kambi ya haifar. Masu suka kuwa suna iya amsawa da cewa ba kambin ne ya ci mata jarrabawa a Ashford ba, ba shi ne kuma ya tsaya a Makurɗi ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Gasar ta ba ta kuɗin jirgi da ƙofar shiga, wannan gaskiya ne. Amma da iyayenta ba su bar ta ta yi shekara goma sha biyu a makaranta a Kano ba, da babu makarantar jinyar da za ta karɓe ta, kome yawan kuɗin da ta ci.

A nan ne tarihinta ya shafi kowane gida, har gidan da ba zai taɓa yarda 'yarsa ta shiga gasa ba. Magidancin da ba ya son namiji ya karɓi haihuwar matarsa yana da hujjarsa, amma ungozomar da yake so ya tarar a asibiti 'yar wani ce, wanda ya daure ya bar ta ta gama sakandare, ta shiga makarantar jinya, ta yi aikin dare. Har yanzu akwai ɗakunan shan magani da yawa a karkarar Arewa waɗanda gini yana tsaye amma babu ungozoma mai horo a ciki, mata kuma suna ci gaba da rasa rayukansu wajen haihuwa. Grace Oyelude sai da ta ci fam 200 a Ikko kafin ta sami hanyar karatun jinya. Yau makarantun suna nan a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato da Maiduguri. Abin da ya rage shi ne iyaye su saki 'ya'yansu mata su shiga, gwamnatoci kuma su ɗauke su aiki su biya su hakkinsu in sun fito.